Daga Gyaran Makaranta Zuwa Cinikin Kwamfuta: Ina Rabon 'Ya'yanmu?

Wannan jawabi ne wanda ɗaya daga cikin mataimakan editan wannan shafi ya yi wa taron iyaye da samari a unguwar Hausawa ta Agege, a Ikko. Mun buga shi domin 'yan'uwanmu na Sabon Badun da Fatakwal da Anacha su ma su amfana.



An umurce ni in yi magana a kan ilmi da sana'ar zamani. To, da yake ni yaro ne a gabanku, ba zan cika ku da nasiha ba. Labarin mutum guda zan ba ku, sa'an nan mu duba abin da ya shafe mu a cikinsa.

Sunan mutumin Iyinoluwa Aboyeji. An haife shi a nan Ikko cikin 1991, asalin iyayensa kuwa Jihar Kwara, wadda dattawanmu suka sani cikin tsohuwar Jihar Arewa. Ya yi sakandare a Abuja, ya wuce Jami'ar Waterloo a ƙasar Kanada. Abin da ya fara damun zuciyarsa shi ne halin da ilmi yake ciki a ƙasarmu. Kowace shekara samari fiye da miliyan ɗaya ke rubuta jarrabawar shiga jami'a, amma guraben ba su isa ba. Saboda haka cikin 2013 ya kafa wani kamfani mai suna Fora, da nufin kawo wa ɗaliban Afirka darussan jami'a ta intanet. Niyyar mai kyau ce, amma kamfanin bai yi ƙarko ba.

Cikin 2014 sai ya haɗa kai da waɗansu abokai, cikinsu har da Amurkawa biyu waɗanda su ma ta hanyar ilmi suka biyo, watau Jeremy Johnson, wanda ya yi aikin koyar da darussan jami'a ta intanet, da Christina Sass, wadda ta daɗe tana koyarwa da tsara shirye-shiryen ilmi. Suka kafa kamfanin Andela a nan Ikko. Dabarar da suka ɓullo da ita, ita ce su juya tsarin makaranta. Maimakon ɗalibi ya biya a koya masa, sai a ɗauke shi a koya masa rubuta manhajar kwamfuta, ana biyan shi albashi, bisa yarjejeniyar shekara huɗu. In ya ƙware, sai ya riƙa yi wa kamfanonin Amurka da Turai aiki daga nan gida, su kuwa su biya Andela. Dattawanmu 'yan goro ba za su ga wannan baƙon abu ba ne, gama haka ubangida yake ɗaukar yaro, ya ci da shi, ya koya masa ciniki, yana cin moriyar aikinsa har ranar da zai sallame shi.

Abin ya karɓu. Cikin 2016 asusun Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, da matarsa ya jagoranci zuba dala miliyan 24 a Andela, kuma cikin watan Agusta na wannan shekara Zuckerberg ya zo unguwar Yaba da ƙafarsa. A shekarar ce kuma Aboyeji ya bar Andela, suka kafa Flutterwave shi da Olugbenga Agboola, kamfanin da ke sauƙaƙa wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi da aika su ta intanet. Cikin 2018 ya sauka daga shugabancinsa, daga baya ya kafa Future Africa, mai ba sababbin kamfanoni jari. Cikin 2021 aka kimanta darajar Andela da ta Flutterwave, kowanne ya haura dala miliyan dubu. Mutumin da ya fito da niyyar gyara makaranta, ga shi ya zama babban ɗan kasuwa.

Jama'a, in na tsaya a nan na ba ku rabin labari. Ga sauran. A wancan lokaci, cikin masu neman shiga Andela, waɗanda aka riƙa ɗauka ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma duk wanda aka ɗauka ya riga ya iya karatu da lissafi da Turanci. Bugu da ƙari, cikin watan Satumba na 2019 kamfanin ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, domin masu ba shi aiki ƙwararru suke so, ba 'yan koyo ba. Ba zargin kowa nake yi ba. Ɗan kasuwa inda riba take nan yake bi, mu ma haka muke yi a Mile 12 da mayankar Oko-Oba. Abin da nake so mu gane shi ne, mai kamfani mai girbi ne. Sharar gona da shuka da noma aikin iyaye ne da hukuma. Ba kamfanin da zai zo ya koya wa ɗanka baƙi da wasali.

To, yaya muka yi da tamu gonar? Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Cikin 1979 Gwamna Alhaji Lateef Jakande ya kawo ilmi kyauta a Jihar Ikko, ya gina azuzuwa, ya kashe tsarin da yara ke karatu kashi-kashi, waɗansu da safe waɗansu da rana. Cikin 2004 aka yi dokar da ta tilasta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Cikin 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato. Duk da haka hukumar UNICEF ta sha faɗin cewa yaran Nijeriya fiye da miliyan 10 ba su zuwa makaranta, galibinsu kuwa 'yan Arewa. Waɗannan yara su ne ke girma su sauko Kurmi ci-rani, su same mu a nan.

Kakanninmu sun zauna Agege saboda goro da shanu, musamman bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano cikin 1912. Sun riƙe sana'ar zamaninsu da kyau, shi ya sa muke da unguwa da sarki da masallatai a nan. Mu kuwa yawancin samarinmu sun dogara ga acaɓa da dako da gadi. Kun ga abin da ya faru cikin 2020 da 2022, da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da waɗansu yankuna: dare ɗaya magidanta da yawa suka rasa abin kai wa gida. Sana'ar da sanarwa guda za ta iya kashewa ba abin gadar wa ɗa ba ce.

Tun 2024 sabon jirgin cikin gari yana tsayawa a tashar Agege. Tasha ta gaba Ikeja ce, inda babbar kasuwar kwamfuta da wayoyi take. In ka wuce Oshodi da Mushin, sai Yaba, inda Zuckerberg ya sauka. Hanyar dogon da ta kai goronmu Kano ita ce ta ratsa ta ƙofar wannan sabuwar kasuwa. Nisan ba na ƙafa ba ne, na ilmi ne. Na san wani yaro a bakin tasha mai gyaran waya, hannunsa da albarka, amma in waya ta nuna rubutu sai ya nemi mai karanta masa. Da ya sami aji shida cikakku, da yanzu shi ke da yara a ƙarƙashinsa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, iyaye, kada a cire yaro ko yarinya daga makaranta saboda talla ko tsaron shago. Allo da safe ko da dare bai hana boko ba. Na biyu, attajiranmu, ku haɗa kuɗi a buɗe ajin dare kusa da masallaci, a sa kwamfuta ko da biyar ce, a ɗauki malami a biya shi, kuma ku riƙa kai samari koyon gyaran waya da kwamfuta kamar yadda aka kai ku koyon goro. Na uku, mu 'yan jam'iyya, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, namu ne ko na wani, mu tambaye shi azuzuwa nawa da malamai nawa zai ƙara a wannan unguwa, mu rubuta amsarsa mu ajiye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ilmi mai amfani da sana'a mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.