Fatsar Nishaɗi da Ƙoton Ƙarya a Kogin Kwara



Da kwamitin shirya taro ya nemi mu ce wani abu, an zaci batun makaranta za mu ɗauko, tun da a cikinta muka ƙare ƙuruciyarmu. Sai muka zaɓi mu yi magana a kan ruwa. Dalili kuwa shi ne, yawancin 'ya'yanku da aka haifa a birni ba su san tsage ba, ba su san ragon ruwa ba, kuma ba za su iya bambanta karfasa da kurungu ba sai a cikin kwanon miya. Idan sun zo hutu, daga ɗaki sai wayar hannu, alhali kogin da ya ciyar da kakanninsu yana nan kwance a bayan gari. Ba za mu ce a mai da su masunta ba, don su sana'a ce mai masu ita. Amma akwai wata hanya da ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai bi ya koma bakin ruwa da ɗansa ba tare da ya shiga gonar Sarkawa ba, ita ce fatsar nishaɗi, musamman wadda ake yi da ƙoton ƙarya.

Mun san a ƙasar Yawuri idan aka ga mai albashi zaune da sandar fatsa, za a ce ko dai aiki ya ƙare masa, ko kuma a bincika lafiyarsa. Wannan kallo namu ne kawai. A ƙasashe da dama likita da alƙali da malamin jami'a su ne 'yan fatsa, kuma ba don cefane suke yi ba.

Ƙoto dai shi ne abin da ake maƙala wa ƙugiya don kifi ya haɗiya, kamar tana ko gara ko ɗan ƙaramin kifi. Shi kuwa na ƙarya, ƙera shi ake yi da itace ko roba ko ƙarfe, a ba shi siffar ɗan kifi. Ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano, motsi kaɗai gare shi, motsin kuma daga hannun mai fatsa yake fitowa. Wanda ya shahara da wannan ƙira wani talakan masunci ne na ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala. Ya lura cewa idan babban kifi ya afka wa garken ƙanana, wanda ke tangaɗi saboda rauni yake zaɓa. A shekarar 1936 sai ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya lulluɓe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya yi ta gyara har ya riƙa tangaɗi irin na mai rauni. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana nan yana sayar da irin wannan ƙoto a duniya. Abin lura a nan, ba a makaranta ya koyo wannan ilmi ba, daga duban ruwa ya same shi, irin duban da kowane tsohon Basarke ya ƙware a kai.

Ba kowane kifi ake yaudara da wannan dabara ba. Tarwaɗa da kurungu da sansane suke neman abinci a ƙasan ruwa, saboda haka tana ta fi musu. Bargi kuwa tace ruwa da laka yake yi. Ƙoton ƙarya na mafarauta ne, kuma a ruwanmu manyansu biyu ne, giwan ruwa da tsage. Su biyun da ido suke farauta, da kuma wani layi da ke gefen jikinsu daga kai zuwa wutsiya, wanda da shi suke jin girgizar duk abin da ya motsa kusa da su. Giwan ruwa ɗan kwanto ne. Yakan laɓe a gindin dutse, ko a kututturen itacen da ruwa ya shanye, ko a bakin gurbi mai zurfi, kuma idonsa na gani a duhu-duhu, shi ya sa ya fi fita da asuba da kuma gab da almuru. Tsage ba ya laɓewa. A ruwa mai gudu yake yawo cikin ayari, ya kai sara kamar walƙiya, kuma da zarar ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle sama yana kaɗa kai. Bakinsa ƙashi ne tsantsa, don haka sau da yawa ƙugiyar ba ta nitsewa, ya tofar da ita ya yi gaba. Kada ran mai fatsa ya ɓaci, haka halinsa yake da kowa.

Tun da ido ne jagora, sai mu duba lokaci. Kogin nan namu cika biyu yake yi a shekara, abin da ba kowane kogi ya samu ba. Farin ruwa na zuwa da damina, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da lakar rafukan da ke kusa da mu. A lokacin ruwa ya gurɓace, kifi ba ya hango nesa, sai dai a gwada ƙoto mai launi mai haske ko mai 'yan duwatsu a ciki da ke ƙara. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan ƙasar Gini ya taso, ya daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali inda ya sauke lakarsa, sannan ya iso mana garau a watannin sanyi. Wannan shi ne lokacin mai ƙoton ƙarya, ya kuma yi daidai da hutun ƙarshen shekara da yawancinku ke zuwa gida. Sai dai ranar da hunturu ya tsananta kifi kan yi nauyin jiki, gara a jira rana ta ɗan ɗaga.

Dangane da kayan aiki, ba ma son ku je kanti a ɗora muku abin da ba ku bukata. Sanda guda mai tsawon mita 2 da rabi ko kusa da haka ta isa, tare da ƙwarƙwaron naɗe zare irin mai buɗaɗɗen baki, don shi ya fi sauƙin koyo. A jikin ƙwarƙwaron akwai wani ɗan murfi da ake murɗawa, shi ne birki, kuma a wurinsa yawancin sababbin hannu ke yin asara. Idan aka ɗaure shi tamau, babban kifi ya fizga, zare ya tsinke. Ƙa'ida ita ce a saita shi yadda zare zai fara fita tun ƙarfin jan bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da zaren ke iya ɗauka ba. Zare iri biyu ne. Na roba ya fi araha, yana kuma miƙewa, saboda haka yana yafe kuskure. Na tufka ya fi siranta da ƙarfi, yana kai wa hannu labarin duk abin da ya taɓa ƙoton, amma dutse na yanke shi, don haka akan ɗaura masa guntun zaren roba mai kauri a gaba. Mai neman tsage dole ya sa 'yar waya kamu ɗaya ko biyu tsakanin zare da ƙoto, in ba haka ba haƙoran nan za su datse shi kamar almakashi. A haɗa da filaya mai dogon baki ta cire ƙugiya. Yatsa ba ya shiga bakin tsage, kuma marfin kunnen giwan ruwa na da kaifi kamar aska.

Ƙoton kansa, uku sun wadatar da mai farawa. Akwai ɗan kifin roba mai leɓe a gaba, wanda leɓen ne ke sa shi nitsewa idan ana ja, kuma gwargwadon tsawon leɓe gwargwadon zurfin da zai kai. Wannan shi ne na giwan ruwa, kuma kada ku ji tsoron babba, bakinsa ya fi yadda kuke zato faɗi. Akwai cokali, wato ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ke walainiya a ruwa, shi ne abokin tsage. Sai kuma roba mai laushi da ake sa wa ƙugiya mai kan dalma, a bar ta ta taɓa ƙasa, a ɗaga, a sake. Game da launi, a dubi abin da kifin ke ci. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafkin ya cika da warangi, ga kuma kawara, duk farare masu ƙyalli, don haka farin ƙoto ba ya ba da kunya a nan.

Wajen jifa, a jefa sama da inda ake zaton kifin yake, a bar ruwa ya gangaro da ƙoton ta gabansa, domin kifi kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Kada a yi ta naɗewa bai ɗaya kamar mai ɗinki da keke. A ja, a ɗan dakata, a fizga kaɗan, don sau da yawa a lokacin dakatawar ne ake kai sara. A rage buga ƙafa a cikin jirgi, a kuma guji jefa inuwa a kan ruwa, Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kifi na ganinka mai jar koma. Ƙoto kuwa zai maƙale a kututture, wani ma ya tafi ke nan. Wanda bai taɓa rasa ƙoto ba, a inda babu kifi yake jifa.

'Yan'uwanmu na Legas da Fatakwal da Kalaba, ku ma kuna da naku wurin, wato inda kogi ke haɗuwa da teku. Can ba damina ke mulki ba, cika da janyewar teku ne, sau biyu a kwana guda, kuma sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Kifi na ci ne lokacin da ruwa ke tafiya, idan ya tsaya cik sai a huta. A nemi bakin ƙananan rafuka da gindin gada da saiwoyin itatuwan bakin teku. Akwai wani dogon kifi mai haƙora da ake kira barakuda, shi ma sai da waya. Da an dawo gida a wanke sanda da ƙwarƙwaro da ruwan famfo, don gishiri ba ya barin ƙarfe.

Yanzu ga inda muke so a saurare mu da kyau. Babu wanda zai shiga jirgi, babba ko yaro, ba tare da rigar kariya daga nitsewa ba. Hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayu na 2021 bai bar zukatanmu ba, kuma da yawa daga waɗanda muka rasa a bakin ruwa suka tashi. Kada baƙo ya fita shi kaɗai. A fara zuwa gaida Sarkin Ruwa, a nemi izini, a ɗauki ɗan gari wanda ya san inda dorina ke kwana da inda aka shimfiɗa kalli ko mamari, a kuma biya shi haƙƙinsa da daraja. Yara su guji tsayawa a ruwan da ba ya gudu mai ciyawa, saboda tsargiya.

Abu na biyu shi ne abin da za a yi da kifin. Duk wanda ya zauna da tsofaffin masunta ya ji kukansu cewa manyan kifaye sun yi ƙaranci. An sha fama da masu zuba guba irin su gamalin, abin da dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta tare da nakiya da lantarki. A ƙarshen shekarun 1990 sai da aka hana jan dala a tafkin Kainji saboda yadda take kwashe 'ya'yan kifi. To, mai albashi ba shi da hujjar ƙara wa ruwa nauyi. Ya ɗauki ɗaya ko biyu matsakaita na miya, sauran ya sake su. Manyan giwan ruwa galibi mata ne, kuma guda tana iya zuba miliyoyin ƙwai, don haka wanda ya kashe ta ba kifi ɗaya ya kashe ba. A nan ƙoton ƙarya ya fi tana, saboda a leɓe yakan kama, ba a ciki ba. A danne ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin a fara, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifin, kada a rataye babba ta haɓa, a ɗauki hoto da sauri, sannan a riƙe shi a cikin ruwa yana fuskantar igiya har sai ya fizge da kansa.

Mun san wani zai ce wannan almubazzaranci ne irin na Turawa. Sai mu ce ya dubi maƙwabtanmu na Argungu. Bikinsu da ya samo asali a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, ya dogara ne a kan hana su a Matan Fada har sai ranar biki. Kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, kuma da ana tatse wurin kullum da bai kai haka ba. A Masar, baƙi na biyan kuɗi masu yawa su je tafkin Nasir neman giwan ruwa, inda a shekarar 2000 aka kama wanda ya haura kilo 100. Haka ake zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai. A irin waɗannan wurare kifi ɗaya kan kawo kuɗi sau da dama, don ana mai da shi ruwa, masu jirgi da masu masauki da masu abinci kuma su samu. Irin kifin nan ne dai ke kwance a ƙarƙashin duwatsunmu.

Saboda haka muna roƙon shugabanni su duba yiwuwar ware yini guda a hutun Disamba, ko a kusa da bikin Rigata, wanda kowane reshe zai kawo yaransa bakin ruwa. Reshe ya sayi sanduna biyu ko uku da rigunan kariya, a ajiye su a ofishin ƙungiya. A gayyato tsofaffin Sarkawa da Gungawa su zauna da yaran su gaya musu sunan kowane kifi da halinsa, a kuma nemi cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa ta turo wanda zai nuna yadda ake awo. A buɗe littafi guda, a riƙa rubuta ranar da aka fita, da wurin, da irin kifin, da tsawonsa, da ko an sake shi. Mu da muka saba da rajistar aji, mun ɗauki nauyin jan layukan littafin da riƙe shi a shekarar farko.