Gubar da aka ajiye wa kura

Mai unguwa, ranka ya daɗe. Ardo, sannunku da hanya.

Ban zo koya muku kiwo ba, kun girme ni a kansa. Fiya-fiyar da ake tsiyayawa cikin mushe a ajiye wa kura, ita ta kawo ni. Daga Tsafe har Bunguɗu tambaya ɗaya ake tarbata da ita: "Malam, to wa zai biya ni akuyata?" Ban zo da kuɗin akuya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma gubar fa, wa ta taɓa biya?

Kwanan baya na je wata ruga bayan dutsen Kwatarkwashi. Kura ta kashe wa wani dattijo tunkiya, ya zuba guba a ragowar naman. Da safe karnukansa biyu muka tarar a miƙe, kumfa a baki, ga ungulu a gefe fukafukai a shimfiɗe. Kura ko sawunta babu. Bayan kwana biyu ta dawo, ba mai yi mata haushi, ta shiga har turke. To Baffa, wa ya biya wa?

Kun ce gwamnati ta fi son ungulu da mutane. Haba jama'a! Yaushe rabon da ku ga ungulu sun yi dandazo a mayankar Gusau? Tun 2015 aka sa wannan ungulun tamu ta gida cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A Indiya maganin shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Mushe ya taru, karnukan sake suka yi yawa, haukan kare ya dinga cin mutane, sai a 2006 aka hana maganin. Kuma mu Zamfarawa ne za a gaya wa aikin guba? Dalma ta ci yara ɗaruruwa a Anka da Bukkuyum a 2010. Ita ma wannan gubar ta kura, ruwan sama ɗaya ya isa ya kai ta tafkin da kuke shayarwa.

Na san kwana a daji yanzu sai shirin mutuwa, ba kura kaɗai ke yawo ba. Shi ya sa nake roƙo: ku dawo da dabbobi kafin magariba, ku ɗaga shingen ƙaya, ku toshe gindinsa saboda dila, mushe a binne da zurfi. Wanda ke da sauran kwalbar fiya-fiya a ɗaki ya kai wa mai unguwa, ba wanda zai rubuta sunansa.