Ra'ayi Riga: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa. Minti goma aka ba ni, ga kuma wanda yake kaɗa mana ƙararrawa a zamaninmu can zaune yana duban agogo, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Bahaushe ya ce ra'ayi riga, kowa da irin tasa. Haka ne. Amma roƙona a yau shi ne mu riƙa bambanta abu uku: abin da muka gani da idonmu, abin da masani ya faɗa, da abin da ake faɗa a gari.

Kotu ta daɗe da yin wannan bambanci. Idan mai shaida ya tsaya gaban alƙali, abin da ya gani ko ya ji ake tambayarsa, ba abin da yake zato ba. Masani, kamar likita, shi ake bari ya faɗi ra'ayinsa, shi ma a kan fanninsa kaɗai. Yana iya faɗin abin da ya yi ajalin mamaci, amma hukunta wanda ake tuhuma aikin alƙali ne.

To, masana ba sa kuskure? Suna yi. Ku tuna wasan ƙwallon ƙafa na Olamfik ɗin Atalanta, a 1996. Masu sharhi sun riga sun ba Brazil nasara, har ta kai tana da ci uku, Nijeriya tana da ɗaya. Nwankwo Kanu ya farke na ƙarshe ana dab da tashi, ya kuma jefa na huɗu. Muka doke Ajantina da ci 3 da 2, muka ɗauki zinariya. Haka a siyasa: an daɗe ana cewa shugaba mai ci ba ya faɗuwa zaɓe a ƙasar nan, sai ga shi a 2015 Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna. Hasashen masani ba wahayi ba ne.

Sai dai kuskuren jama'a ya fi ban tsoro. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, cikin dare aka tashe ni da waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ina jin kunyar faɗa, amma sai da na tashi iyalina. Ba likitan da ya ce haka. "An ce" ne kurum. Mutane da dama suka kwanta asibiti, wasu ma suka rasu.

'Yan uwa, mu ne ake tambaya a majalisa da ƙofar masallaci, don ana ganin mun yi boko. Idan muka yi magana, gobe za ka ji ana cewa "ai wane ma ya faɗa". Saboda haka in ra'ayinka ne, ka ce "a ganina". In ji ka yi, ka faɗi inda ka ji. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, wannan ba ya rage wa mutum daraja.

Malamanmu, ku kuka koya mana nuna aiki kafin rubuta amsa. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya bar zumunci.