Kaset ɗin da Ya Kamata Mu Nema



A ƙasashen Turai, mawaƙa irin su Bach da Mozart da Beethoven sun rubuta kiɗansu a takarda, shi ya sa har yau ake kaɗa shi kamar jiya aka tsara. Namu makaɗan fada ba su rubuta ba. Abin da na'ura ta ɗauka kaɗai ya rage mana, don haka zaɓen abin saurare ba wasa ba ne.

In ka tambaye ni, fara da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Nemi Bakandamiyarsa, ka saurara da dare bayan gari ya yi shiru. Ɗaukar tsohuwa ce, akwai shuu a cikinta, amma kada hakan ya kore ka. Ka bi yadda kotso ke sauya murya, da yadda 'yan amshi ke karɓe zance kafin ubangidansu ya dire. Nan gwanintar take.

Daga nan sai Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, musamman waƙarsa ta Sardauna. Shata da kalangunsa kuwa, ai ba sai na tallata shi ba.

Abin da ke damuna shi ne namu na gida. Kakaki da algaita da tambarin fadar Gumel a hawan sallah, wa ke ɗaukar su da kyau? Masu tura waƙoƙi a waya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku taimaka ku riƙa rubuta sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar. Mai tsohon kaset a akwati a Gagarawa ko Sule Tankarkar kuma, ya fito da shi a kwafe kafin zafi ya cinye zaren.