Daga Plaza zuwa gidan gem

Duk wanda ya tashi a Fagge ya san silimar Plaza, inda a da Bruce Lee ke kai naushi a fim, 'yan kallo su ɗauki sowa. Washegari yara sun cika lungu suna gwada ƙure-ƙuren Chainis, har wani ya targaɗe. Ni har yau raina na son wannan kallo.

Yanzu sha'awar ta koma shagunan gem na Sabon Gari. Janareta na ruri, samari biyu kan benci, PlayStation a gabansu, Mortal Kombat ake bugawa, yatsu na rawa, na baya suna jiran layi. Abin da ya fi burge ni, mu a da kallo kawai muke yi, su kuwa yaron fim ɗin yana hannunsu.