Wa ke da alhakin gina gidajen 'yan asalin ƙasar Ostareliya?

 

Yau za mu kai ku nesa, can ƙasar Ostareliya, wadda sai an ƙetare babban teku ake isa gare ta. Kada nisan ya sa ku ce ina ruwanmu, domin mutanen da za mu ba ku labarinsu masu bin shanu ne. Su ne 'yan asalin ƙasar, baƙaƙen fata da Turawa ke kira Aborijin. Sun yi dubban shekaru a wurin kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. Da Turawan suka kai shanu suka mamaye daji, sai suka mai da masu ƙasar 'yan ƙwadago, su ne masu hawan doki, su kora garke, su yi wa shanu lamba.

A wani makeken wurin kiwo da ake kira Wave Hill, a Yankin Arewa na ƙasar, mallakar kamfanin Vestey na Ingila, mutanen ƙabilar Gurinji suna aiki ana biyansu da gari da sukari da ganyen shayi, in ma an ba da kuɗi to kaɗan ne daga abin da ake ba Bature. Makwancinsu kuwa 'yan bukkokin kwano ne waɗanda mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki, ba famfo, ba makewayi. Ranar 23 ga Agusta 1966 wani dattijo mai suna Vincent Lingiari ya ja mutane wajen 200, maza da mata da yara, suka bar aikin. Aka zaci ƙarin kuɗi kawai suke so. Ashe ƙasar kakanninsu suke nema. Shekara tara suka yi suna wannan dagiya, sai a 1975 Firayim Minista Gough Whitlam ya je har wurin, ya ɗebi ƙasa ya zuba a tafin hannun Lingiari. A 1976 aka yi dokar da ta ba 'yan asalin Yankin Arewa damar karɓar filayensu.

To, jama'a, ƙasa ta dawo, amma ƙasa ba ta zo da rufi ba. A nan batunmu na yau yake.

Tun a 1968 aka tilasta wa masu garke su biya baƙi da farare albashi ɗaya. Abin ya yi kyau a takarda. Amma masu garke da yawa sai suka sallami ma'aikatan, suka koma ga shinge da babur da jirgi mai saukar ungulu wajen kora shanu. Iyalai suka taru a ƙauyukan da gwamnati ko 'yan mishan suka kafa, wasu kuma suka koma 'yan ƙananan zango a cikin dajin kakanninsu. Waɗannan wurare suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga birni, da damina kuma ruwa kan yanke hanya wata da watanni. Babu banki da zai ba mutum bashin gina gida a filin da ba a iya sayarwa, babu kuma attajirin da zai gina gidan haya a can. Saboda haka kusan duk gidan da ke wurin da kuɗin hukuma aka gina shi.

Wace hukumar? Ostareliya tana da gwamnatin tarayya a Kanbera, tana da gwamnatocin jihohi da yankuna. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1967 sama da kashi 90 cikin 100 na masu zaɓe suka yarda tarayya ta riƙa yin doka kan al'amuran 'yan asali. Tun daga nan ake jefa wa juna nauyin, tarayya ta ce gidaje aikin jiha ne, jiha ta ce kuɗi na hannun tarayya. Kun dai san abin da kan sami saniyar da mutum biyu suka haɗa: kowa na jiran ɗan'uwansa ya kai ta mashaya.

Ba za mu ce ba a kashe kuɗi ba. A 2008 aka ƙulla yarjejeniyar shekara goma, ta dala biliyan 5.5 na kuɗin ƙasar, don gidajen ƙauyukan nesa. Sai dai a Yankin Arewa an sa sharaɗi: kafin a gina, sai mutanen gari sun ba gwamnati hayar filin, galibi ta shekara 40. Wato mutanen da suka yi shekaru suna fafutukar karɓar ƙasarsu, sai da suka sake sa hannu a kanta kafin su sami ɗaki. Daga nan gwamnati ta zama mai gida, su kuma 'yan haya, suna biya.

A 2014 tarayya ta janye hannunta daga kuɗin ruwa da wuta na ƙananan ƙauyuka, ta miƙa wa jihohi. Shugaban gwamnatin jihar Yammacin Ostareliya, Colin Barnett, ya ce mai yiwuwa a rufe ƙauyuka har 150 daga cikin 274. A 2015 Firayim Minista Tony Abbott ya ƙara da cewa zama a irin waɗannan wurare zaɓin mutum ne, ba aikin masu biyan haraji ba ne su ɗauki nauyinsa. Mu a ganinmu wannan magana ba ta da kan gado. Wanda ke zaune inda aka binne cibiyarsa, kusa da kaburburan iyayensa, ba yawon shaƙatawa ya fito ba. Mutane suka fito zanga-zanga a manyan birane, aka kuma fasa rufewar yadda aka faɗa da farko.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne gyara. Gina gida ana yi da kaɗe-kaɗe da ɗaukar hoto, amma ranar da famfo ya tsaya ko masai ya toshe, ba a ganin kowa. An daɗe ana cewa ai su ke lalata gidajen da hannunsu. Wata ƙungiya mai suna Healthabitat ta bi dubban gidaje tana gwada famfo da wayar lantarki da magudanar ruwa, ta gano cewa ɓarnar mazauna ba ta kai kashi 10 cikin 100 na lalacewar ba. Sauran duk rashin gyara a kan kari ne da aikin gini marar kyau tun farko. A haɗa wannan da cunkoso, inda gida mai ɗaki uku kan ɗauki mutum goma sha biyar ko fiye, ga zafin da kan wuce awo 40. Yara ba sa samun wanka, ƙuraje da ciwon maƙogwaro su yi ta yawo a tsakaninsu, daga baya abin ya taɓa zuciya. Wannan ciwon zuciya ya kusa ɓacewa a biranen ƙasar, amma a ƙauyukan nan yana kai yara asibiti a yi musu aiki.

Mutanen ba su naɗe hannu ba. A 2016 magidanta 70 na garin Santa Teresa, kimanin kilomita 80 daga Alice Springs, suka kai ƙarar hukumar gidaje ta Yankin Arewa. Cikinsu akwai wata tsohuwa da ta yi wata 68 gidanta ba ƙyaure a ƙofar waje. Ku duba, fiye da shekara biyar, ga macizai, ga sanyin hamada da dare, tana kuma biyan haya. Shari'a ta yi ta hawa har kotun ƙoli, wadda a Nuwamba 2023 ta yanke cewa ɗan haya na da haƙƙin diyya saboda damuwa da ɓacin ran da rashin gyara ya jawo masa. Tsohuwar ba ta ga wannan rana ba, ta riga mu gidan gaskiya.

A Maris 2024 gwamnatin tarayya da ta Yankin Arewa suka sanar da sabon shiri na dala biliyan 4 cikin shekara goma, za a riƙa gina gidaje har 270 a kowace shekara, da nufin rage cunkoso da rabi. Wannan karon an zaunar da majalisun filaye na 'yan asalin a teburin shawara, an kuma sa kuɗin gyara a cikin lissafi. Alkawari ne mai nauyi, sai a 2034 wa'adinsa zai cika.

 Wanda ke da tambaya, ga fili.