Kuɗin Sabunta Yaɓen Gida: Jawabi Ga Jama'ar Dawaki



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai da sauran 'yan'uwa mazauna Dawaki, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan abin da ke cin aljihun kowane magidanci idan damina ta gabato, wato sabunta yaɓen bangon gida.

Iyayenmu da suka zo Gombe daga ƙasashen Kano, Katsina da Zazzau sun zo da ginin ƙasa, kuma sun san yadda ake tsare shi. Ana yaɓe da ƙasa da ciyawa, a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Aikin ba shi da tsada, sai dai yana son a riƙa sabunta shi. Da masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki a 1979, sannan Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, sai kowa ya koma filastar siminti. To, siminti kuwa kun san halinsa. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin dako ya tashi, a farkon 2024 kuma buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa.

Bari mu yi lissafi tare. A ce bangon da ke fuskantar titi tsawonsa mita 20 ne, tsayinsa mita 3. Ka ga murabba'in mita 60 ke nan. A bangon da ba a miƙe yake ba, buhu guda kan rufe wajen murabba'in mita 8 zuwa 10, saboda haka kana bukatar buhu 6 zuwa 8. In mun ɗauka buhu naira 10,000 ne, kuɗin siminti kaɗai ya kama daga 60,000 zuwa 80,000. Ba a sa yashi ba, ba a sa ladan birkila da lebura ba, ga ruwan da za a saya wurin 'yan garuwa, ga kwashe tsohuwar filastar da aka kankare. Wannan fa bango guda ne.

Amma jama'a, babbar asara ba a nan take ba, tana wajen yin aiki sau biyu. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Idan ruwa ya shiga bayan filasta ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe ta ruɓe, daga waje kuwa bango sumul. Ku ƙwanƙwasa, in kun ji yana amsawa kamar ganga, to filastar ta riga ta rabu da bango. Irin wannan ne ke zubowa a watan Agusta, wani lokaci da dare, yara na kwance. Waɗanda suka ga ambaliyar 2004 a garin nan sun san abin da nake faɗa.

Don haka kafin a sayi ko buhu guda, a duba inda ruwa ke shiga. A gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da bango. A rufe kan katanga, domin ta sama ruwa ke fara ratsawa. A ɗaure gindin bango da dutse ko bulo, a yashe kwata, tunda garinmu gangare ne, ƙasarsa kuma yashi, ruwa na cin gindin gini da sauri. Tsaga kuwa a cike ta tun tana ƙarama, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In za a yi filastar, a yi ta da rani, bango a bushe. A kafa ragar waya a jikin ƙasar don simintin ya sami abin kamawa. Buhu guda kwanon sarki 2 ne, kada yashi ya wuce kwano 10 zuwa 12. Duk birkilan da ya ce zai ƙara yashi don ya rage maka kuɗi, ka tuna araha ba ta ado. Bayan an gama a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, in ba haka ba iska da rana za su tsattsaga shi. Wanda kuma ba shi da ƙarfi, kada ya ji kunyar yaɓen ƙasa. Yaɓe mai kyau da ake kula da shi ya fi filastar da aka ƙwange ta.

Daga ƙarshe ina roƙon ƙungiya ta duba abu biyu. Na farko, maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi tifar yashi guda su raba, ya fi sayen baro-baro sauƙi. Na biyu, a buɗe adashin gyaran gida tun bayan kaka, a fara ba zawarawa da tsofaffin da bangonsu ya fi haɗari, matasa kuma su taimaka da aikin gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu.